Bagaruwar da Altine Ta Raɗa wa Suna

Madawa, farkon Nuwamba

Zuwa ga Inna Biba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kun gama kaka lafiya, kuma ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Maigidana da jikarki Fiddausiya suna gaishe ki.

Inna, kada ki yi mini dariya. Mu ƴan malaman lakkol, wato makarantar boko, a nan Madawa mun ɗaura wa kanmu wani aiki: wata guda cur, kullum kowa ya rubuta shafi ɗaya na ƙagaggen labari, ba gogewa, ba yagewa, sai wata ya ƙare. Tun ina ƙarama a hannun Gwaggo Murja a Tama nake cewa zan rubuta littafi. Ga furfura ta fara leƙowa, littafin bai wuce bakina ba.

An ce kowa ya nemi abokin tafiya mai tsare shi in ya yi lalaci, sai ke kika faɗo mini a rai. Na san hannunki bai manta rubutun da kuka koya a yaƙi da jahilci ba. Ga kayye, wato littafin rubutu, da bik na rubutawa na ba Illa direba. Duk ranar kasuwa zai kawo miki nawa, ya karɓo naki.

Allah ya ƙara lafiya.
Ɗiyarki, Mansura

Keita

Zuwa ga mutanen Madawa,

Wa alaikumus salam. Muna lahiya, gero ya shiga rumbu, gwiwa kuwa tana nan da halinta. A gaida maigida da ƴar ƙawata Fiddausiya.

Saƙo ya iso. Wato da tsufana a ce in zauna in shirya ƙarya kullum sahe, har da kayye sabo! Ƙarya dai fure take, ba ta ƴaƴa. Amma an riga an sayi bik, ba a barin shi ya bushe.

Wanga aiki naku ba baƙo ba ne gare ni. Zamanin furoje na dashen itatuwa, da aka nuna mana tuddan nan ƙwal kamar kan jariri aka ce za su zama daji, mun yi dariya har da riƙe ciki. Ba mai iya dasa daji. Abin da mutum ke iyawa shi ne dutsi guda bisa kai, rami guda, icce guda, gobe ya dawo. To ina rubutawa. Ba zan aiko ba tukuna, don har yanzu matar labarina tsaye take bakin rijiya ta ƙi motsi.

Ku huta lahiya.
Biba

Madawa

Zuwa ga Inna,

Ina gaisuwa da fatan alheri. Na yi murna da wasiƙarki, na karanta ta har takardar ta yi laushi.

Kwanakin farko abin da na rubuta ko akuya aka ba sai ta yi tunani kafin ta ci. Amma da na riƙe zama gindin dogon yaro bayan sallar asuba, sai labarin ya koyi lokacin, ya riƙa riga ni zuwa. Na wata yarinya ce da tabkin Keita ke biyo ta duk inda aka kai ta. Da hantsi sai ta ga ruwan kwance a ƙofar ɗaki, da farin balbela a kansa, ba mai ganin sa sai ita. Yanzu ko alli nake riƙe da shi a aji, ina jin ƙanshin laka.

Sai dai na cije. Ruwan ya maido yarinyar gida, uwarta na tsaye a bakin zaure, kuma na rasa abin da uwa ke ce wa ɗiyarta ta fari. Inna, ki gafarce ni, takarda ta fi ni ƙarfin hali. Tun da aka yaye ni aka kai ni Tama, ban taɓa jin sunana a bakinki ba. In na zo hutu, “waccan” nake, ko “ta Tama”. Ƙannena kina kiran su har da sunan wasa. Na san kunyar ɗan fari ce, kowa ya sani, amma zuciya ba ta shiga lakkol ba. Wani lokaci nakan ce ko kin ba da ni ne kika huta. Abin yana mini ciwo har yau da nake da tawa ɗiyar.

Kullum ina cika shafina, amma uwar tana nan tsaye bakinta a rufe.

A yafe mini in na wuce gona da iri.
Mansura

Keita

Zuwa ga mutanen Madawa,

Sallama da gaisuwa. Kasuwa biyu Illa ya tsaya ƙofar gida yana danna oda, na ce ya wuce. Ba fushi ba ne. Matar nan ce ta bar bakin rijiya, ta hana ni sakat. Ga kaɗan daga ƙaryar tawa na kwafo, a yi haƙuri da hannun.

Wai an yi wata mata, Altine, mai ɗaukar dutsi a tudu. Shekarar da aka yaye ɗiyarta aka kai ta wani gari, mutane suka yaba mata, wai ko ƙwalla ba ta yi ba. Ita kuwa nono na zuba, tana ɗaure ƙirji da gyale tana hawan tudu. Rannan aka raba musu ƴan itatuwa cikin leda. Nata wata bagaruwa ce ƴar firit, mai ganye huɗu. Ta dasa ta can nesa da mutane, ta duba gabas ta duba yamma, ta raɗa mata sunan ɗiyar.

Ai ba a jin kunyar icce. Kowace sahiya sai ta riga mata hawa, ta durƙusa ta kira sunan, ta ce: “Kin kwana lahiya? Mi kika ci? Wa ya yi miki kitso?” Ruwan gorarta rabi na bagaruwa ne. Da fari ya zo, itatuwan layin suka ƙone, waccan ta ƙi mutuwa. Wai in iska ta taso daga wajen kudu, Altine takan ji iccen yana amsawa da muryar yarinya, har da ƙanshin lambu. Ni dai na ce tsufa ne ya fara kama ta da wuri.

Nan na tsaya jiya. Yau ban san abin da za ta yi ba, sai na zauna.

Ku huta lahiya.
Biba

Madawa, ƙarshen Nuwamba

Zuwa ga Inna,

Ina gaisuwa. Na karanta labarin Altine a tasha, a tsaye, Illa yana tambayata ko rasuwa aka yi.

Wata ya ƙare. Cikinmu wasu sun zube a hanya, ni dai na kai, kuma uwar yarinyar ta buɗe baki. Tambayoyi uku ta yi, kin san su. Littafin da saura, amma yanzu ban jin tsoronsa, gobe ma zan zauna.

A dokarmu, mai karatu yana da ikon yi wa marubuci tambaya guda. Ga tawa: kin faɗi sunan Altine, kin ƙirga ganyen iccen, amma kin tsallake sunan bagaruwar. Yaya sunanta? In ba ya faɗuwa, ba komai. Abin da na samu ma ya ishe ni.

Ɗiyarki, ta Tama

Keita

Zuwa ga Mansura,

Sallama. Ga shi nan na rubuta a sama, kuma hannuna bai karye ba.

An ce wata ya ƙare, amma ba wanda ya gaya wa hannun, da asuba shi ke tashe ni. A aiko wani kayye.

Bagaruwar tana nan, ta fi soro tsawo, makiyaya na hutawa gindinta. In an ba ku hutu ki zo da Fiddausiya. Gwiwa ko ta so ko ta ƙi, za mu hau tudun. Zan kira, ke da iccen sai mu ga wa zai riga amsawa.

Allah ya yi miki albarka.
Innarki