Takardar Ƙarar Sista

Zuwa ga ƙanena,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya ciwon gwiwar nan taka? Mu nan lafiya lau, har da ƙari.

Albishirinka. Matar babban ɗana ta sauka shekaranjiya da hantsi, an sami mace. Na yi amarya. Ba ta da haƙori ko ɗaya, ni kuma saura huɗu, ka ga mun dace.

Sai dai akwai abin da ya hana ni sukuni. Ka tuna takardar da na aiko maka watan jiya don ka miƙa wa shugaban sashen lafiya, tunda kai ne masinjan ofishinsa? Ban faɗa maka tushenta ba. Kuɗin gyaran da aka ware wa asibitin unguwarmu bana ba zai isa abu biyu ba. Mu tsofaffi masu zuwa awon hawan jini muka ce a yi mana rumfa da bencuna, don rana tana gasa mu a tsakar gidan. Sista mai kula da asibitin ta ce firji mai aiki da hasken rana za ta saya, wai akwai alluran da zafi yake kashe musu ƙarfi. A gaban kwamiti na ce mata ruwan sanyi take son sha da kuɗinmu. Kuma tsakanina da kai, na sa rai ni za a ba aikin rumfar.

Na zauna na rubuta ƙararta da wannan hannun da bai riƙe biro ba sai da na yi furfura a ajin yamma. Tsofaffi ashirin da uku suka dangwala yatsa, muka nemi a ɗauke ta daga nan.

To, bayan yarinyar ta faɗo, jini ya ɓalle wa uwar. Ina tsaye a rana, daidai inda na auna za a kafa rumfa, ɗana yana kai da komo kamar zai zare. Ta taga na ga Sista ta buɗe firjin nan da na zaga, ta ɗauko allura. Ban san tsawon lokacin da muka yi ba. Da ta fito tana share gumi, abin da ta ce kawai shi ne, "Baba, jinin ya tsaya. Shigo ka ga matarka."

Ungozoma ce ta gaya mini cewa bara a aljihun tebur suke ajiye irin wannan allurar, wani lokaci ta yi aiki, wani lokaci a'a, sai dai a nemi mota zuwa babban asibiti, tafiyar awa guda. Ta ce da surukata ba ta kai ba.

Don Allah, idan takardar ba ta kai teburinsa ba, ka riƙe ta. Idan ta kai, ka faɗa mini ranar da zan zo in janye maganata da bakina. Kada a ɗauke matar nan saboda ni.

Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Yayanka,
Kafinta

Zuwa ga ƙanena,

Ina gaisuwa, ina kuma godiya. Amsarka ta iso tare da takardar. Ashe tun ranar da ta zo ka cusa ta ƙarƙashin tsofaffin jaridu, wai ka san fushina ba ya wuce sati uku. Ja'iri. Allah ya yi maka albarka.

Uwargidana ta ce in ƙona ta, amma na kai wa Sista, don in ba ta haƙuri a kan abin da ta gani da idonta. Ta karanta har ƙarshe, ta yi dariya, ta ce rubutuna ya fi na likita kyau. Ta ce maganar rumfa gaskiya ce, ita ma tana jin ciwon ganinmu a rana, abu ɗaya ne kawai kuɗin ya isa. Ta roƙe ni in sake rubutawa, a sa rumfar cikin kasafin baɗi. Yatsu ashirin da uku suna nan suna jira. Wannan kuwa ka miƙa ta da wuri.

Gobe za a kai amaryata rigakafi, daga firjin nan za a ɗauko. Ni zan riƙe mata lema.

Ka huta lafiya.

Yayanka,
Kafinta