Tsohon Roba Ya Mutu a Hannuna

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya gida, ya yara? Ya jikin Baba kuma? Allah ya ƙara sauƙi.

Ni lafiya lau, kada ki damu. Kwas ɗin da makarantarmu ta turo ni yana tafiya. Ana koya mana yadda za mu horar da ɗaliban likitanci da wani mutum-mutumin roba kafin su taɓa mai rai. Yaya, abin nan yana numfashi, yana ƙifta ido, har nishi yake yi. Wani ne ke juya shi da kwamfuta daga bayan gilashi.

Jiya aka ba ni shi, wai tsoho ne mai ciwon ƙirji. Ina ɗora abin sauraro na ji irin kukan da ƙirjin Baba ke yi ranar da zan taho. Ni da nake koyar da wannan aikin shekara da shekaru, na rasa ta inda zan fara, har ya mutu. Ban san lokacin da na yi salati na rufe masa ido ba. Malamarmu ta ce, "Ba komai, yanzu za a sake kunna shi." Aka yi dariya, ni ma na taya su.

Kullum na kira sai ki ce Baba yana barci. Don Allah ki kira ni, ki kara masa wayar a ƙirji. Ba sai kin tashe shi ba, numfashin kawai nake so in ji.

Ƙanwarki