Sunan da Ka Raɗa Mashi

Kankiya,
Watan Rajab, 1976

Zuwa ga Yaya Sodangi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Hawwa da yara. Yaya aikin ofis a Kusada? Mu lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake.

Ran kasuwa na ishe ɗanka Basiru a tasha yana lodin siminti, ido jajur, baki na rawa, ya rame kamar kara. Ƙwaya yake sha, Yaya, irin wadda direbobi ke ba yaran mota don kada su ji gajiya. Na ja shi gidana. Da na tambaye shi ko ba a yi mashi faɗa a gida, sai ya yi dariya, wai wa zai yi? In ya shigo zaure kai tashi kake, uwarsa kuma ta juya baya.

Haba Yaya! Kunyar ɗan fari za mu riƙe har mu kai shi kushewa? Dada, mahaifiyarmu, ita ce mai tsawata mashi, kuma tun da ta rasu ba wanda ya ɗauki aikinta. Don Allah ka zo.

Ƙanwarka,
Saudatu

Kankiya,
Watan Sha'aban

Yaya Sodangi,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, takardarka ta iso, tare da akwatin rediyon da ka ce a ba "yaron nan". Rediyo! Akwatin ne zai yi mashi magana a madadinka?

Wai kuma na koya wa matarka rashin kunya. To ji yadda aka yi. Yaron ya sulale ya koma tasha. Hawwa ta zo, ta tsaya gaban direbobi, ta ƙwala kiran sunansa, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta haife shi. Ya dinga waige yana neman mai kiran, don bai san yadda sunansa yake a bakinta ba. Da ya gane, ya diro daga motar da yake lodi ya biyo ta yana kuka. In wannan ne abin kunyar, wallahi ni na ji daɗinsa.

Ban ce ya warke ba. Yana zufa, yana faɗa da kowa, amma yana cin tuwon uwarsa. Duk motar Kusada da ta tsaya sai ya leƙa.

Takardarka kaf "yaron nan" ce. Sunansa Basiru. Kai ka yi mashi huɗuba da shi a kunne yana jariri. Ka zo ka sake faɗa mashi tun yana iya amsawa.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Saudatu