Na ce wa Kawu na gwada, alhali a cikin laftof kawai na gwada

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana, garinmu kowa ya san kowa. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗau zafi.

Ni ɗan Illela ne, na karanta injiniyancin kwamfuta, na dawo gida ina gyaran inbata da kayan sola. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ɗan kasuwa ne mai kai albasa Nijar, shi da wasu manoma a Amarawa suna da rijiyar burtsatse guda da suke ban ruwa da ita. Bara famfonsu ya ƙone, ruwa ya ja ƙasa, famfo ya yi ta juyawa a bushe ba wanda ya lura, rabin albasarsu ta mutu. Ni da bakina na ce zan haɗa musu 'yar na'ura da za ta riƙa kashe famfo da kanta in ruwa ya yi ƙasa. Na'urar ƙaramin bod ne na lantarki da sensa mai auna ruwa, aikina shi ne rubuta manhajar da ke zama cikin ƙwaƙwalwarsa tana ba shi umarni.

Na yi odar bod ɗin, wai ta Konni zai shigo, sai rikicin boda ya rutsa da shi. Yau direba ya ce kaya na hanya, gobe wayarsa a kashe, haka muka yi wata huɗu. Da na gaji da jira sai na haɗa kwaikwayonsa a laftof, abin da muke ce wa emuleta, wato kwamfuta ta yi kamar ita ce bod ɗin. Na yi mata rijiyar ƙarya da sensar ƙarya, in rage ruwa in ƙara, in ɗauke rana in dawo da ita, tunda famfon na sola ne. Wallahi na sha wahala, amma daga ƙarshe duk jarabawar da na yi mata ta ci.

Wata rana Kawu ya biyo shago, na nuna masa a allo, na rage ruwa, fitilar famfo ta mutu. Ya yi ta kabbara, ya ce, “Ɗana, ka gwada shi ke nan?” Na ce na gwada. Ban yi masa bayanin cewa ba a taɓa ɗora manhajar kan ƙarfe na gaske ba, na ga kamar zai yi tsawo, kuma gaskiya na ji daɗin yabon. Ashe daga nan ya wuce Amarawa ya ce wa mutane aiki ya kammala, suka sayi sabon famfo, suka dasa albasa.

Shekaranjiya bod ya iso, ƙwaya ɗaya tak. Na ɗora manhajar, na tsoma sensa a durom, sai na ga abin da emuleta ba ta taɓa nuna min ba. Lambobin sensa rawa suke yi, ruwa na nan cike amma manhajar ta kashe ta kunna sau biyar cikin minti guda, sau ɗaya ma bod ɗin ya daskare da famfo a kunne. In haka ta faru a rijiya, ni da hannuna zan ƙona musu sabon famfo. Na san inda matsalar take, amma ina buƙatar sati biyu in gyara in gwada da ruwa na gaske, su kuma sun sa Asabar ɗin nan za a ɗaura na'urar a rijiya.

Da na gaya wa Kawu sai ya hau ni da faɗa, wai na yi masa ƙarya na sa ya yi wa dattawa ƙarya. Na ce gwajin kwamfuta ma gwaji ne, ya ce, “To mi ya hana shi aiki? Ko albasar ma cikin kwanhuta za mu noma ta?” Ya ce in ɗaura abin ranar Asabar haka nan, in ya so in riƙa gyarawa a hankali, kada in kuskura in faɗa wa kowa. Inna kuma ta ce kada in kunyata ɗan uwanta a gaban mutanen da suke ganin girmansa. Ba wanda yake son jin cewa jinkirin sati biyu ya fi ƙonewar famfo sauƙi, a tsakanin nan ai mutum zai iya tsayawa kan rijiyar yana kashewa da hannu, ni ma na ce zan tsaya.

Na san ina da laifi, kalma ɗaya na rage ta jawo duk wannan. Amma abin da ke ƙona min rai, ana so in rufe ƙaramar ƙarya da babba.

To 'yan uwa, in bi Kawu in ɗaura ina addu'a, ko in hau babur in je Amarawa in faɗa wa manoman gaskiya da bakina, ko da zai daina yi min magana? Yau Alhamis.