Bencin Baya

Yelwa, Mubi
12 ga Oktoba

Zuwa ga ɗana Aaron,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu. Yaya aiki, yaya zafin Yola? Babanka yana lafiya, sai ƙafar nan da ke damunsa. Ƙanwarka Susanna ta warke daga zazzaɓi, ta koma makaranta. Kakarka ba ta cin abinci sosai. Ni jikina lafiya, amma hankalina ba a kwance yake ba.

Ka daina ɗaukar wayata, shi ya sa na zauna na rubuta da hannuna, ko da layin ya karkace. Wannan ba maganar da zan sa Susanna ta rubuta ba ce.

Cikin Dorathy ya fito. Dattawan ikkilisiya sun sa ta a horo. An cire ta daga ƙungiyar mawaƙa, an hana ta karɓar gurasar Jibin Ubangiji, tana zama a bencin baya kusa da ƙofa, inda duk mai shiga zai kalle ta. Sau uku suka tambaye ta mai cikin, ta ƙi faɗa. Ni na sani tun ranar da ta zo gidanmu tana kuka, ka ɓuya a ɗaki, washegari ka shiga motar Yola.

Babanka ya ce mu yi shiru, shi dattijo ne, kada sunan gida ya ɓaci. Wai aikin Shaiɗan ne. Na gaya masa Shaiɗan kira yake yi, ba ya ɗaukar mutum a ka. Da ƙafarka ka je, da ƙafarka ka gudu. Kakanmu na farko Adamu ma ya ɗora wa matarsa laifi, bai tsira ba.

Lahadi biyu ke nan na bar layin Zumuntar Mata, da zanen zumuntar a jikina, na koma baya na zauna kusa da ita. Shugabarmu ta aiko wai ina kunyata zanen. Su zo su karɓa in suna so. Babanka ya daina cin tuwona. Ba zan tashi ba, jikana yana kan bencin nan.

Ina tsoro, ɗana, ba zan ɓoye maka ba. Za su sa ka a horo, wataƙila babanka ya rasa kujerarsa, 'yan'uwan Dorathy na ƙauyen Kwaja kuma ransu a ɓace yake. Allah yana gafarta wa wanda ya furta, amma gafara ba ta mayar da ciki. Yaron nan zai zo, zai kuma tambayi ubansa.

Lahadin farko na Nuwamba za a ci Jibi. Ba zan miƙa hannu in karɓi gurasa ina riƙe da wannan a bakina ba. Ka ba direba Hayatu amsarka kafin jajibirin ranar, wato Asabar. In ka zo, mu uku za mu zauna a baya. In ban ji daga gare ka ba, ni zan tashi a gaban ikkilisiya in faɗi sunanka.

Ni ce mamarka mai ƙaunarka,
Margret Tizhe