Kwamfutar Gora Mai Shan Rana

Uwargida Painem,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki, ya awaki? Maƙwabci ke rubuta mini.

Tun shekarar da dutsen Merapi ya yi aman wuta ya binne gonarmu ban yi nisa da gida haka ba. Nan ƙasar Singafo lafiya lau, sai dai shinkafarsu salam, barci kuma sai a hankali. Kada ki damu.

Kwamfutar da jikarmu Retno ta zana ta yi kyau. Ni na saƙa jikinta da gora, murfinta kuwa rana yake sha maimakon lantarki. Gobe da yamma alƙalan gasar da ta kawo mu nan za su duba ta. In ta burge su, Retno ta samu aiki.

Yau ta shanya ta a baranda ta fita. Na ga gorana yana gasuwa, na lulluɓe shi da zanena. Ta dawo ta danna, shiru.

"Kaka, ka kashe ta da yunwa!"

"Ke ja'ira, wa yake barin gora a rana? Tsagewa zai yi."

Ki aiko da yaji, ki sa mu a addu'a. Gobe da sassafe zan hau rufin bene da kwamfutar, murfin ya sha rana ya ƙoshi, jikin kuwa in kifa masa malafata, ko Retno ta so ko ta ƙi.

Mijinki,
Wagiran