Hannun Likita

Zuwa ga ƙanena Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka da yara. Yaya ciwon bayan naka? Mu nan lafiya lau, baban Likita yana gaishe ka. Ni kuwa gaisuwata ta tsaya a nan, don ba ita ta sa na ɗauki biro ba. Na kira ka a waya har na gaji, kullum sai ka ce ƙarar inji ba ta barin ka ji. To ga takarda, ka nemi inda babu inji ka karanta.

Da na sa ɗana a mota na turo maka shi, me muka yi da kai? Cewa muka yi zai zauna a gidanka saboda ajin bita yana kusa da ku, ya gyara kemistirin da ya faɗi, ya sake zana jarrabawar fita sakandare. Darasi ɗaya tak ya kayar da shi, Auta. Kai da bakinka ka ce, "Yaya, ki bar min shi." Ashe da gaske kake nufin in bar maka shi.

Jiya direban motar asibitinmu ya same ni a ɗakin wanki ina ninke zannuwan gado, ya ce ya ga ɗana a garinku, a kan tsani, yana ɗaura taga a wani sabon bene. Na ce mai kama da shi ne. Ya ce ai har sun gaisa, yaron yana ta fara'a, da tef ɗin awo rataye a ƙugu. A gaban abokan aikina ya faɗa, matan da tun yaron yana rarrafe suke taya ni kiransa Likita. Kowacce ta sunkuyar da kai ta ci gaba da aikinta. Da ma dariya suka yi, da ta fi min sauƙi.

Ban raina aikin gilashi da alminiyom ba. Shi ya gina maka gida, na sani. Amma kai ka bar makaranta ne don kanka ba ya ɗauka, kuma ni ce shaida, ni na riƙa bin ka da bulala har ƙofar aji. Ɗana ba haka yake ba. Ka mayar da shi ajin bita a satin nan, ka rubuto min cewa ka yi.

Yayarka,
Maman Likita

*

Auta,

Ina fatan kun tashi lafiya. Na iso gida lafiya, ko da yake ba ka tambaya ba. Ka gaishe min da yara. Matarka kuma ka ce mata na ji abin da ta faɗa a madafa lokacin da take tsammanin na fita alwala, wai wasu iyayen burinsu ya fi ƙarfin ’ya’yansu. Allah ya raya nata, za mu gani.

Tunda ka ƙi amsa wasiƙata na zo da ƙafata, kuma na ga abin da na gani. Na ga shagonka, ƙasa duk ɓarɓashin gilashi yana ƙyalli, injin yanka yana ihu kamar ana yanka akuya, yaran shagonka suna yawo da silifas. Na ga ɗana durƙushe yana matsa gam a bakin firam ɗin taga, hannunsa duk ƙananan yanka, wasu sun warke wasu sababbi. Na ga yara biyu sun ɗauko gilashin da ya fi ƙofar ɗakina girma, ba safar hannu, sai guntun kwali da suka naɗe gefen da shi. Na yi maka magana, ka ce haka ka koya, ga ka nan da yatsunka cif.

Ka zaunar da ni a kan benci ka yi min lacca. Wai masu digiri suna zuwa neman aiki a wurinka. Wai yaron yana da idon awo, abin da wani zai shekara bai kama ba shi ya kama a wata guda. Wai in ya gama za a yi masa gwajin sana'a a ba shi takardar shaida, ya buɗe nasa. Duk na ji. Abin da ba ka faɗa ba, mai shayin ƙofar shagonka ya faɗa min: babban yaronka ya gudu ya buɗe nasa shagon daf da zuwan ɗana. Hannu kake nema, Auta, sai ga ɗan yayarka ya faɗo maka a ɗaki. Kada ka sa wa abin rigar taimako.

Abin da ya fi ci min rai shi ne maganar yaron. Na ja shi bayan shago na ce ya haɗa kayansa. Bai ɗaga murya ba, bai ma kalle ni ba. Cewa ya yi, "Umma, a aji kullum tsoro nake ji. A nan in na auna taga, shiga take yi." Wa ya koya masa wannan? Yaron da ko ruwa zai sha sai ya tambaye ni?

Babansa ma ya bi bayanka. Wai sana'a ba abin kunya ba ce. Ni za a gaya wa? Ni da nake wanke jini da amai daga zannuwan mutane tun kafin a haife shi? Ban ce kunya ba ce. Cewa na yi yaron da bai gama fitar da gemu ba, ba a rufe masa ƙofa ɗaya don ya ga wata a buɗe. Kuma ko za a rufe, ni za a fara tambaya, ba in ji a bakin direba ba.

Na bar shi ne don ba zan ja shi a titi kamar rago ba. Kada ka ɗauka na yarda.

Yayarka

*

Auta,

Ba zan tambayi lafiyarka ba, na san kana lafiya. Kai kullum lafiya kake.

Shekaranjiya aka cire wa ɗana zaren ɗinkin hannunsa. Ina gaya maka ne don kada ka ce ban sanar da kai ba, ba don ka zo ba. Kada ka zo. Kayan dubiyar da ka aiko na ba maƙwabta.

Gilashi ya zame, wannan na iya ɗauka, ƙaddara ce, ko da yake na nuna maka kwalin nan da yatsana. Abin da ba zan ɗauka ba shi ne abin da ka yi bayan ya zame. Yaro ya yanke a tsintsiyar hannun dama, jini har kan rigarka, sai ka kai shi kantin magani na bayan layi aka ɗinke fatar sama kamar ana ɗinke buhu. Ka ce masa kada ya gaya min, wai hankalina zai tashi. Kwanaki yana kwance a ɗakinka yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa, kana ce masa kumburi ne zai sace. Ba don matarka ta ji tsoro ta kira ni a ɓoye ba, da har yau kumburin kake jira. Ka ce mata na gode. Maganar madafa na yafe mata.

Likitan da ya yi masa aiki ya ce jijiya ce ta tsinke, kuma da a ranar aka kawo shi da aikin ya fi sauƙi. Na san fuskar likitoci in suna tausasa magana, a cikinsu nake aiki. Na tsaya a barandar ɗakin tiyata, kai kana can ƙarshen baranda ka haɗa kai da bango kana kuka. Na gan ka. Ban zo ba, kuma ko yau aka maimaita ba zan zo ba. Lokacin kukan shi ne ranar da ka tsaya a ƙofar kantin maganin nan kana tunanin abin da zan ce maka, maimakon abin da zai sami hannun yaron.

Inna da tana raye da ta ce in yi haƙuri, kai ƙarami ne. Haka aka yi ta cewa har ka yi furfura.

Yana gida a wurina. A nan zai zauna.

Maman Likita

*

Zuwa ga Auta,

Ina gaishe da matarka da yara, da fatan suna lafiya. Ɗana ya iso wurinka, na sani, don babu inda zai je sai nan.

Na dawo daga aiki na tarar ya share ɗakinsa, ya naɗe katifa, littattafan da na saya masa suna jere a kan tebur. Babansa ne ya raka shi tasha. Shi ma muna da magana da shi, amma wannan ba ruwanka.

Ban hana shi komai ba a watannin nan. Na kai shi wurin masu gashin ƙashi, na tsaya a kansa yana matsa ƙwallon roba har hawaye ya zubo masa. Yatsa ɗaya ya dawo, ɗayan yana zuwa rabi ya tsaya. Na sa shi a ajin bita na unguwarmu, yana zuwa, yana dawowa, in na tambaye shi ya ce lafiya. Ba ya musu, ba ya dariya, abinci ma sai na tsare shi. Rana ɗaya kawai na ga fuskarsa ta dā, ranar da iska ta fasa tagar maƙwabciyarmu ya je ya gyara mata. Na tsaya daga nesa ina kallo yana fama da hannun, sukudireba tana faɗuwa yana ɗauka. Da ya gama ya buɗe tagar ya rufe, ya sake buɗewa, yana murmushi shi kaɗai. A wurin na san na rasa shari'ar nan. Ban gaya wa kowa ba, na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

Kada ka yi murna. Ba kai ka yi nasara ba, yaron ne ya zaɓa, kuma ya zaɓa da hannun da ka lalata. Mai yiwuwa ya zama gwani, mai yiwuwa wata rana in zauna a shagonsa ana kawo min ruwa. Ko hakan ta faru ba zai wanke ka ba.

Ga abin da nake so, kuma ba roƙo nake ba. Kowane yaro a shagon nan ya sa safar hannu da takalmi rufaffe, ba ɗana kaɗai ba, su ma haihuwarsu aka yi. Ba zai ɗauki babban gilashi ba sai masu gashin ƙashi sun ce ya ɗauka. Ranar asibitinsa ba ranar aiki ba ce, ko bene nawa ke jiran taga. Ka koya masa aikin duka, har yadda ake magana da masu gini, ba ka riƙe shi yana matsa gam har ya tsufa ba. Kuma ko ƙwarzane ya yi, a ranar zan ji. In na sake jin wani abu a bakin wani, zan zo, kuma ba benci zan zauna ba.

Tsakanina da kai kuwa, in mun haɗu a cikin dangi zan amsa gaisuwarka don kada a yi da mu. Iyakarta ke nan.

Kada ka ba ni amsa, ba na son ganin rubutunka. Shi nake so ya riƙa rubuto min duk ƙarshen wata, ba a waya ba, a takarda, da biro, da hannun dama. Komai munin rubutun ya turo haka, kada wani ya gyara masa. Da shi zan riƙa ganin inda yatsan ya kai.

Uwar yaron da ke hannunka